Mun Tafi Damagaram Mu Huɗu, Mun Dawo Mu Uku

Tun da muka dawo daga Damagaram ba ni da sakat a shago. Wanda ya kawo gyaran rediyo sai ya tambaya, wanda ya zo shan inuwa a benci sai ya tambaya, har masu wucewa a keke sai sun rage gudu sun ce, "Lawan, yaya ƙasar Faransa?" Haka muke kiran tsallaken iyaka a nan. Wasu so suke su ji, wasu kuwa dariya suke nema. Na gaji da maimaitawa. Na kuma lura duk sanda na ba da labarin sai na tsallake wani wuri, kuma kullum wuri ɗaya nake tsallakewa. Shi ya sa na sayi littafin rubutu na zauna. Wanda ya sake tambayata in miƙa masa ya karanta, ni in ci gaba da aikina.

Da kaset zan fara, don shi ya jawo komai.

Shekara biyu bayan an ba mu jiha na je Kano sayen kayan gyara, na dawo da wani kaset na bidiyo. Fim ɗin Turawa ne, amma ba na harbe-harbe ba. Wasu samari ne a wata ƙasa wai ita Ailan, ƙasar ruwan sama da sanyi. Ni kafin ranar ban san akwai Bature matsiyaci ba. Waɗannan kuwa talakawa ne futuk, gida a cunkushe, ba aikin yi. Sai suka haɗa ƙungiya suna kiɗan baƙaƙen fatar Amurka da ake kira sol, kiɗan da mawaƙi ke rerawa kamar ana zare masa rai.

Mu huɗu ne muka kamu da shi. Akwai Habu, ɗan acaɓa daga wani ƙauye kusa da Sule Tankarkar, wanda in yana waƙa a kan babur fasinja kan manta inda zai sauka. Akwai Bitrus, mutumin Filato, akawu a sakatariyar Gagarawa, shi ke buga fiyano a cocinsu. Akwai Ɗanlami na Maigatari, gidansu makaɗan mahauta ne, da kalangu ya buɗe ido. Sai ni da tsohuwar jita. Mun kalli fim ɗin nan har kaset ya fara tauri. Bitrus da muke taƙama da Turancinsa ma cewa ya yi wannan ba Turancin makaranta ba ne, zagi kawai yake iya tsinta.

Aibin kaset ɗin ɗaya ne, ba shi da ƙarshe. Daidai inda samarin suka hau dandamali cikin baƙaƙen kwat, jama'a na ihu, sai hoto ya yi tsalle, sai ga ƙattin Amurka 'yan kokawa suna maka juna da ƙasa. Wani ne ya ɗora nasa a kai. Ranar farko Habu ya miƙe kamar zai doki talabijin, ya ce, "To yaya suka ƙare?"

Nan ne wurin da nake tsallakewa. Cewa na yi na ga ƙarshen a Kano. Na ce wani attajiri ya zo daga Amurka ya kwashe su a jirgin sama, kowannensu ya gina wa uwarsa gida. Wallahi ban ga komai ba. So nake mu kafa tamu ƙungiyar, na kuma san in na ce ban sani ba zancen ya mutu a nan.

Muka kafa, Ɗanlami ya koma buga gangar Turawa. Muka sayi baƙaƙen kwat a gwanjo, ta Ɗanlami hannun ya wuce yatsunsa. A Gumel 'yan iska aka fara kiranmu. Sau ɗaya aka gayyace mu biki, kuma ko layin gaba bai ji muryar Habu ba, don lasifikar rediyo muke amfani da ita. Ni na ce sai mun samu amfilifaya, akwatin nan mai ƙara sauti, da manyan lasifika biyu. Cikinmu ba mai abin sayarwa sai Habu. Babur ɗinsa, da kuɗin shanun huɗar mahaifinsa aka saye shi bayan rasuwar tsohon, shi ke ciyar da shi da mahaifiyarsa, Inna Hajara. Ranar da zai kai shi kasuwa ya tsaya a ƙofar shagona ko inji bai kashe ba.

Ya ce, "Lawan, jirgin nan. Ka gani da idonka?"

Na ce, "Da idona."

Ya sayar, aka sayo amfilifaya da lasifika. Ya gaya wa Inna babur na wurin gyara a Gumel, da niyyar in harka ta buɗe ya sayi biyu.

Gayyatar ta zo ta hannun Alhaji Idi, wani falken dabbobi na Damagaram da ke zuwa kasuwar Maigatari duk Alhamis. Ya ji mu muna gwaji a zauren su Ɗanlami, ya leƙo ya ce, "Ah, ku orkes ne? Me kuke yi a nan? A wurinmu ana girmama orkes." Orkes shi ne abin da suke kiran masu kiɗan jita da fiyano. Ya ce ƙanensa zai yi aure, mu zo. Habu ya kama hannuna ya matse har sai da na ji zafi.

Ranar Juma'a da sassafe muka hau bayan a-kori-kurar Alhaji, mu da buhunan sukari da raguna uku. Ni na dage kowa ya sa kwat tun daga gida don a gan mu da ƙima a kan iyaka. Amfilifaya kuwa Habu bai yarda an ɗaure ta da kaya ba, a cinya ya rungume ta cikin bargo.

A ɓangarenmu ba a ba mu wahala ba. Wani mai kaki ya ce in da gaske makaɗa ne mu nuna, Ɗanlami ya ciro kalangu ya yi masa kirari, mutumin ya yi dariya ya ɗaga sanda. Da muka tsallaka aka ce kowa ya sauko ya taka da ƙafa. Muna tafe muna hira sai muka ji an busa usur. Ko a jikinmu. Can na lura komai ya tsaya cak: mai tallar goro ta tsaya da faranti a ka, mai jaki ya tsaya, shi kansa Alhaji ya ƙame kamar an dasa shi. Ashe tuta ake ɗagawa, kuma a can in ana ɗaga tuta ba mai motsi. Mu huɗu ne kawai ke tafiya cikin baƙaƙen kwat, Ɗanlami har da fito. Da aka gama wani jandarma ya yafito mu, bai yi mana tsawa ba, ya dai jera mu a gaban sandar tutar ya ce mu kalle ta da kyau tunda ɗazu ba mu gan ta ba. Rana ta ɗaga, kwat ta jiƙe sharkaf. Sai da Alhaji ya yi ta ba da haƙuri aka sake mu. Bitrus ya ce da ni ƙasa-ƙasa, "Ga ƙimar da ka ce, mun samu."

Wani abin nasu kuma, a kowane shinge sai an karɓe katin kowa an shiga da shi ɗaki, sannan a fito ana kiran suna ɗaya bayan ɗaya kamar a aji. Ba gaggawa, ba kuma a tsallake kowa. A wurinmu direba ne ke miƙa hannu a wuce. Na rasa wanne ya fi.

Hanyar burji ce, rabi yashi. Kafin Dungas taya ta fashe, wani rago ya cinye aljihun kwat ɗin Bitrus. Yayin da ake faci muka sha fura a wurin wata tsohuwa a gindin aduwa. Furar ta fi tamu yaji, nono kuma ba a yi masa ƙeta da ruwa ba. Ta dube mu ɗaya bayan ɗaya ta ce, "'Ya'yan nan, wa ya rasu?" Muka ce biki za mu. Ta ce, "To Allah ya kyauta." Habu ya yi dariya har da riƙe ciki. Ina jin ita ce dariyar ƙarshe da na ji ya yi.

Da yamma lilis muka shiga Damagaram, gari mai manyan duwatsu a tsakiyar unguwa, kamar an zubar an manta. Aka sauke mu a ɗakin baƙi na gidan ango, Mushe Laminu. Mushe a can malamin makarantar boko ne. Mutum ne siriri mai fara'a, ba ya fara magana sai ya ce "bon", wato "to" da Faransanci. Tuwo da miyar kuka aka kawo mana, irin na gida sak, har na ji haushi, na ce mun sha wannan tafiya don mu ci abin da muka baro. Da safe ne muka ga baƙon abu. Burodinsu dogo ne kamar taɓarya, ɓawonsa na yanka dasashi, Ɗanlami ya ce wannan ai makami ne. Shayi kuma a ɗan kofin da bai fi babban yatsa ba, ɗaci kamar maɗaci, kuma sai ka sha sau uku, in ka tashi a na farko ka yi rashin ladabi.

A safiyar nan na duba bango na ga matsala. Wurin sa wutarsu rami biyu ne zagayayyu, filoginmu kuwa mai ƙafa uku ne. Mushe ya ce, "Bon, akwai ɗan abin da ake haɗawa, ana sayarwa a kasuwa. A aika yanzu." Na ce ya bari sai anjima. Ban san da rana ta take garin nan rufewa yake yi ɗungurungum ba. Shago, ofis, kowa ya tafi ya kwanta sai la'asar. A Gumel wanda ya rufe shago da azahar ya kwanta, cewa za a yi ba shi da lafiya.

Cikin wannan zaman na tsakar rana, muna kishingiɗe a falon Mushe, ya ce, "Alhaji ya ce wai wani fim ne ya sa kuka fara kiɗa. Wanne ne?" Bitrus ya kwatanta masa. Mushe ya yi zumbur ya miƙe. "Ai ina da shi! Daga Yamai na zo da shi. Na kalle shi ya fi sau goma."

Na yi sauri na tare shi. Na ce, "Mushe, a bari mu huta, akwai aiki anjima."

Habu ya ce, "Haba Lawan, kai ka gani, mu ba mu gani ba. Ni jirgin nan kawai nake son gani."

Aka sa. Nasa da Faransanci suke magana, Mushe na fassara mana. Ni addu'a nake Allah ya sa a ɗauke wuta, amma ina, ba gida muke ba. Muka zo wurin da namu ke yankewa. Hoto bai yi tsalle ba. Samarin suka sauko daga dandamali, kafin ka ce me sun kaure da faɗa, wannan na zagin wancan, mata na kuka, ana jifa da kaya. Kowa ya kama gabansa. Aka nuna su ɗaya-ɗaya daga baya, kowa na 'yar buga-bugarsa, ba wanda ya zama wani abin a zo a gani. Sai rubutu ya fara hawa sama.

Habu bai motsa ba har rubutun ya ƙare. Ya ce, "Mushe, akwai kashi na biyu?"

"Babu."

"Jirgin fa?"

Mushe ya ce, "Wane jirgi?" Bawan Allah bai san komai ba, har ya ƙara da cewa shi abin da ya sa yake son fim ɗin ke nan, don bai yi wa mutane ƙarya ba.

Ɗanlami ne ya fara. Ya ƙunduma mini ashar a gidan mutane, ya ce shekara guda yana jan kunya a Maigatari, babansa ya daina yi masa magana don ya ajiye kiɗan gado ya bi na Turawa. Bitrus ya ce shi dama ya yi zargi, don duk sanda na ba da labarin kalar jirgin canzawa take. Da Habu ya zage ni da na ji sauƙi. Dubana kawai ya yi ya ce, "Da idonka, Lawan." Ya tashi ya fita. Kunyar da na ji a falon nan ban taɓa jin irinta ba, kuma na cancanci fiye da haka.

Amma an riga an kafa rumfa a ƙofar gida, an jera kujeru, dole a yi kiɗa. Bayan la'asar muka fito da kaya. Sai a lokacin na tuna da filogi. Mushe ya ce a jira a aika kasuwa, ba nisa. Ni kuwa ba na son in ƙara minti ɗaya a tsaye kusa da Habu ba abin yi. Na ce, "Bar shi, a gida haka muke yi." Na sa reza na datse filogin, na feƙe waya, na cusa a ramukan, na tokare da tsinken ashana. Na yi haka sau dubu a shago. Na kuma san sarai cewa fis ɗin da ke kare na'ura a cikin filogin da na yar yake, na cikin akwatin kuwa tun a Gumel ya ƙone na maye gurbinsa da takardar azurfar kwalin sigari. Na sani. Ba wanda zan ɗora wa.

Da farko mutane kallonmu kawai suke. Mata sun saba a kira sunansu a yi musu kirari, mu kuma muna ta wani kiɗa da ba sunan kowa a ciki. Sai Habu ya ɗaga hannu ya tsayar da mu. Ya ce wa Ɗanlami ya ajiye gangar Turawa ya ɗauki kalangu, ya ce wa Bitrus ya bi shi a hankali. Ni bai ce mini komai ba. Ya fara wata waƙa da ba mu taɓa gwadawa ba, waƙar babur ɗinsa. Yadda yake goge shi da asuba, yadda ya san kowane rami tsakanin Sule Tankarkar da Gumel, yadda uwarsa ke gane ƙararsa tun daga bakin gari ta ɗora ruwan tuwo. Da Hausa yake yi, amma muryar irin ta fim ɗin ce, har ta fi. Dattawan da ke kan tabarma suka yi shiru. Mata suka taso da guɗa, suka cika fili, ana ta yi masa liƙi a goshi. Abin da muka shekara muna nema ke nan, ga shi ya zo a ranar da ba mai iya duban wani a cikinmu.

Cikin turmutsitsin nan ƙafar wata ta ja waya. Ba ta fita duka ba, da ta fita da an tsira. Ta dai yi sako-sako, wuta na shiga tana fita, lasifika na tari. Na yar da jita na ruga, kafin in kai na ji ƙauri. Wanda ya yi aiki irin nawa ya san ƙaurin nan. Hayaƙi ya fito ta bayan akwatin, siriri, ba ma mai yawa ba.

Habu bai tsaya ba. Ya ajiye makirufo ya ƙarasa waƙar da bakinsa, na gaba suna ji, na baya suna tambayar me ya faru. Da ya gama ya zo ya tsuguna a gaban amfilifaya ya ce, "Za ta gyaru?" Na buɗe na duba. Cikin ya narke. Bakina har ya ɗauko "za ta gyaru", na haɗiye. Na ce, "A'a."

Ranar Lahadi da safe Alhaji ya sa aka kai mu tasha. An ɗora kaya, mun shiga, Habu na tsaye a ƙasa, ya cire kwat ya riƙe a hannu. Bitrus ya ce, "Shigo mana."

Ya ce, "Ba zan shiga garinmu a ƙafa ba. Na fita a kan babur, a kan babur zan koma."

Na ce, "Habu, me za ka yi a nan? Ba ka san kowa ba."

Ya ce zai yi dako, zai bi Alhaji kiwon dabbobi, ko me ya samu. Ya miƙo mini kwat ɗin ta taga ya ce, "Riƙe, taka ce." Na ce me zan gaya wa Inna. Ya ce, "Ai kai ba ka rasa abin faɗa."

Dawowar ba ta da labari. Shinge, kati, kiran suna. A wani shingen jandarma ya gama kira ya dube mu ya ce, "Ba ku huɗu ba ne shekaranjiya?" Muka karɓi katunanmu muka koma mota. A Maigatari Ɗanlami ya sauka ko sallama babu, yanzu yana can yana yi wa mahauta kalangu ran Alhamis. Bitrus ya ɗauki fiyanonsa ya hau motar Gagarawa. Mukan gaisa in mun haɗu, iyakarta ke nan. Ni na dawo da akwatin na ajiye a ƙarƙashin tebur, na je Kano sau biyu neman kayan gyaransa, ba a samu ba.

Sati uku da dawowarmu, da hantsi, ina cikin aiki na ji sallama. Inna Hajara ce, ta biyo motar kasuwa, da 'yar ƙwaryar ƙuli-ƙuli ta kawo mini. Na shimfiɗa mata tabarma na durƙusa na gaishe ta. Ta ce wani direba ya gaya mata Habu na Damagaram, wai ya samu babban aiki wurin masu kiɗa, har ana sa shi a rediyo.

Ta ce, "Ɗan nan, kai ka je. Ka gani da idonka?"

Da na ce e, da ta koma gida da farin ciki, ta yi barci mai daɗi. Na ce, "Ban gani ba, Inna. A tasha na baro shi, ba shi da komai." Na gaya mata duka, har da kaset, har da jirgi, har da tsinken ashana.

Ba ta yi kuka ba, ba ta zage ni ba. Ta ce, "Babur ɗin fa?"

Na jawo akwatin daga ƙarƙashin tebur. Ta dube shi ta ce, "Wannan ne?" Na ce shi ne. Ta ɗora tafin hannu a kansa tana shafawa, yadda ake shafa bayan sa. Can ta ce, "Shanun Malam biyu ke nan." Sannan ta ce in ɗauka in kai mata mota.

Na ce, "Inna, ba ya aiki. Kuma ƙauyenku ko wuta babu."

Ta ce, "Na sani. Kayan ɗana ne, a ɗakinsa zai jira shi."

Na ɗora shi a ka na bi ta har tasha, tana gaba ina baya, 'yan benci suna kallo. Ranar ba wanda ya tambaye ni yaya ƙasar Faransa. An ce mini akwatin yana can a ɗakin Habu, ta lulluɓe shi da zane, kuma duk sanda ta ji ƙarar babur daga bakin gari sai ta fito ƙofar gida ta tsaya har ya wuce.